Gasar kurket ta IPL a Indiya: wasa ne ko kasuwa?

Sadiq_Gunners
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambayata ga waɗanda suka san wasan kurket ce, musamman ɗalibanmu da ke Indiya. Na ga bidiyon yadda ake sayen 'yan wasa a gasar IPL: attajirai zaune a tebura, ana kiran sunan mutum, suna ɗaga katako ana ƙara kuɗi, sai ka ce ragunan layya a kara. Sannan aka ce min ko ƙungiya ta zo ta ƙarshe ba ta faɗuwa, tana nan daram baɗi. Masu ƙungiyoyin kuma 'yan fim ne da 'yan kasuwa. To ni a ganina wannan ba gasa ba ce, kasuwa ce aka yi wa kwalliya da wasa. Wanda ya fi ni sani ya warware min.

Abba_Bengaluru
Wa alaikumus salam Malam Sadiq. Karatu nake a Bengaluru, kuma a garin nan ko ba ka so sai ka san IPL, domin daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Mayu ba a zancen komai sai ita. Bari in fara da yadda wasan yake, don na san da yawa a nan ba su taɓa zama sun kalla ba.

Kowane ɓangare mutum 11. Ɓangare ɗaya na jefa ƙwallo yana tsaron fili, ɗayan yana bugu da katako. Jifa shida shi ne oba ɗaya. A irin wannan gajeren wasan, T20, kowane ɓangare oba 20 yake da shi, wato jifa 120, sai a yi musanya. Idan mai bugu ya kai ƙwallo iyakar fili tana gungurawa, maki 4. Idan ta tsallake iyakar ta sama ba ta taɓa ƙasa ba, maki 6. Idan aka cafe ta a sama, ko mai jifa ya karya sanduna uku da ke bayan mai bugun, mai bugun ya fita ke nan, ba ya dawowa. Awa uku da ɗoriya an gama an san gwani.

Ƙungiya goma ce yanzu, kowacce wasa 14, sai huɗun farko su shiga zagayen fitar da zakara. Ban ce babu kasuwa a ciki ba, akwai ta fal. Amma ka ce babu wasa, to ba ka kalla ba ne.

Maman_Ihsan
Ni dai abin da na sani shi ne Shah Rukh Khan yana da ƙungiya a ciki, don haka na riga na zaɓi tawa 😂

Abba_Bengaluru
Kolkata Knight Riders ke nan Hajiya, shi da Juhi Chawla da mijinta. Kin yi dace, sau uku suka ɗauki kofi: 2012, 2014 da 2024. Preity Zinta ma tana da hannun jari a Punjab Kings, ita kam har yau tana jira.

Sadiq_Gunners
Abba na gode da bayani, amma ba ka taɓa inda yake min ƙaiƙayi ba. Abin da ke sa Firimiya daɗi a watan Mayu ba na sama kaɗai ba ne, har da na ƙasa da ke tsoron faɗawa gasar 'yan dagaji. Mu a Kano mun san zafin abin, a 2022 Pillars ta faɗi, gari ya yi tsit. Idan ka san ko an lallasa ka kullum kujerarka na nan, me zai sa ka yi gumi?

Injiniya_Bello
Sadiq, tsarin nasu na Amurka ne, irin na NBA da NFL, ba na Ingila ba. Hukumar kurket ta Indiya, BCCI, ita ke da gasar. A 2008 ta sayar da ikon kafa ƙungiya a birane takwas, aka tara sama da dala miliyan 700. Mutumin da ya zuba dala miliyan 100 da wani abu, kamar yadda kamfanin Mukesh Ambani ya yi a kan Mumbai, ba zai yarda a ce baɗi yana buga wasa a ƙauye ba. Da sharaɗin babu faɗuwa aka jawo kuɗin tun farko.

Kuma duba abin da zai faru da a ce akwai faɗuwar. Mumbai Indians kofi biyar gare ta, amma ita ce ta ƙarshe a 2022, ta sake zama ta ƙarshe a 2024. Chennai Super Kings ita ma kofi biyar, ita ce ta rufe teburi a 2025. Da tsarin Firimiya ake bi, da biyu daga cikin ƙungiyoyi mafiya magoya baya sun bar gasar. Wane gidan talbijin ne zai biya kuɗi a kan haka?

Amma fa ana korar ƙungiya, sai dai ba don an ci ta a fili ba. Deccan Chargers ta ɗauki kofi a 2009, a 2012 aka soke ta saboda matsalar kuɗi. Kochi Tuskers kaka ɗaya tak ta yi a 2011. Pune Warriors kaka uku. A can, rashin biya ne ke kada ƙungiya.

Sadiq_Gunners
To ai ka tabbatar da maganata ke nan Injiniya. Wannan shi ne abin da manyan kulob-kulob na Turai suka so yi a 2021, magoya baya suka fito titi, cikin kwana biyu abin ya wargaje.

Injiniya_Bello
Da bambanci. A Turai kulob ɗin sun girmi masu su, wasu sun haura shekara 100, jama'ar gari ne suka kafa su, sai aka zo za a ƙwace. A Indiya babu abin da aka ƙwace daga kowa. Kafin 2008 babu wata Mumbai Indians, babu Chennai Super Kings. Gasar jihohi da suke da ita tun da, Ranji, tana nan, sai dai filin wayam ake buga mafi yawan wasanninta.

Dattijo_Zazzau
Yara kuna ta magana ina karantawa. Mu da muka yi makarantar kwana a da mun buga kurket, Turawa suka bar mana shi a kwalejoji irin su Barewa, tare da wasan fayis. Fararen kaya ake sawa, ƙwallon ja ce mai tauri, idan ta same ka a ƙauri sai ka yi mako kana ɗingishi. Malaminmu abin da ya fara koya mana shi ne yadda za ka tare ƙwallo ka kare sandunanka, ba yadda za ka maka ta sama ba. Wasan ƙasa da ƙasa na asali kwana biyar ake yi, ana hutun cin abinci da na shayi, kuma yana iya ƙarewa babu wanda ya ci. Haƙuri ake gwadawa da dabara.

Wannan na yanzu na kalla wajen jikana. Kiɗa, wuta, 'yan rawa a gefen fili, kowa yana wurga katako kamar ana korarsa. Ban ce ba gwanaye ba ne. Amma mai jifa ya zama abin tausayi, oba huɗu kawai aka yarda ya yi, fili an matse shi, katakon an ƙara masa kauri. Ni ina bayan Sadiq ta wannan fuskar.

Abba_Bengaluru
Allah ya ƙara girma Baba. Maganar masu jifa gaskiya ce, su kansu 'yan Indiya suna ƙorafi. A 2024 Sunrisers Hyderabad ta ci maki 287 a jifa 120, a nan garin aka yi, a kan ƙungiyarmu. Wani ɓangare na laifin dokar da aka kawo a 2023 ce, wadda ta ba ƙungiya damar shigo da ɗan canji ɗaya ya yi bugu ko jifa. Sai ya zama kowa yana da ƙarin mai bugu a ajiye, babu mai tsoron fita. Rohit Sharma, ɗaya daga cikin manyan 'yan wasan Indiya, da kansa ya fito ya ce ba ya son dokar.

Sai dai Baba, ba Indiyawa ne suka ƙirƙiro gajeren wasan ba. Ingila ce ta fara shi a 2003 saboda mutane sun daina zuwa kallo. Indiya ma da farko ba ta ɗauke shi da muhimmanci ba, sai da matasanta ƙarƙashin kyaftin Dhoni suka ci kofin duniya na farko na T20 a Afirka ta Kudu a 2007, kuma Pakistan suka doke a wasan ƙarshe. Daga nan ido ya buɗe.

Dattijo_Zazzau
Madalla. Ashe masu abin ne suka fara yanka shi.

ZeeZee_KD
Don Allah ku koma kan gwanjon nan, shi ne ya fi ɗaure min kai. Kuɗin wa ake ba? Tsohuwar ƙungiyarsa? Kuma idan ɗan wasa ba ya son garin da ya saye shi fa?

Injiniya_Bello
Kuɗin na ɗan wasan ne, albashinsa ne na kaka ɗaya, wato wata biyu. Ba kamar ƙwallo ba inda kulob ke karɓe kuɗin sayarwa. Shi ɗan wasan ne yake sa sunansa, ya faɗi mafi ƙarancin farashin da za a fara da shi. Wanda ya fi tayi shi ya ɗauka, kuma ba shi da ta cewa game da garin. Kowace ƙungiya an yanke mata iyakar abin da za ta kashe, a gwanjon kakar 2025 rupi biliyan 1.2 ne kowacce, ta Ambani da ta wanda bai kai shi ba duk ɗaya. Sannan duk bayan 'yan shekaru ana yin babban gwanjo, kowa ya riƙe 'yan kaɗan ya saki sauran, a sake rabo. Shi ya sa da wuya ƙungiya ɗaya ta mamaye gasar shekara da shekaru kamar Bayern a Jamus. Gujarat Titans a kakarta ta farko, 2022, ta ɗauki kofi.

Lawan_Jidda
Wannan babban gwanjon na kakar 2025 ai a nan Jidda aka yi shi, Nuwamban 2024. Ranar abokan aikina 'yan Kerala babu wanda ya yi aikin kirki, kowa ido na kan waya. A nan aka sayi Rishabh Pant rupi miliyan 270, sama da dala miliyan uku, Lucknow ta ɗauke shi. Shreyas Iyer ya biyo shi kaɗan, ya tafi Punjab.

Abin da nake so in ƙara shi ne na 'yan Pakistan. Ina zaune gida ɗaya da su, kuma su ma mayun kurket ne. Suna kallon IPL suna zagi, suna zagi suna kallo. 'Yan wasansu sun buga kakar farko a 2008, har ma Sohail Tanvir ne ya fi kowa fitar da masu bugu, ƙungiyarsa Rajasthan Royals ta ɗauki kofi. Bayan harin da aka kai Mumbai a watan Nuwamban shekarar aka rufe musu ƙofa, har yau. Sai a 2016 suka kafa tasu, PSL. To idan kasuwa ce zalla kamar yadda Sadiq ya ce, ai da an saye su, domin kallo zai ninka. Akwai siyasa a ciki, kuma siyasar ta fi kuɗin ƙarfi a wannan wurin. A Mayun 2025 ma da rikicin ƙasashen biyu ya tashi, ana tsakiyar wasa a Dharamsala aka kashe fitilu aka sallami 'yan kallo, gasar ta tsaya kusan mako guda.

Injiniya_Bello
Ga wani lissafi da zai yi wa Sadiq daɗi. Kyautar wanda ya ɗauki kofi a 2025 rupi miliyan 200 ce. Albashin Pant shi kaɗai 270. Wato kofin bai isa ya biya mutum ɗaya ba. Ainihin kuɗin daga talbijin yake. A 2022 BCCI ta sayar da haƙƙin nuna wasannin 2023 zuwa 2027 a kan kimanin dala biliyan shida, kuma ana raba wa ƙungiyoyin kaso mai tsoka. Ta ƙarshe ma tana cin riba.

Sadiq_Gunners
Allah ya saka Injiniya, kai da bakinka. Shi Pant ɗin ya biya kuɗin nasa kuwa?

Abba_Bengaluru
Bai biya ba 😅 Kakar duka ta ƙi shi, sai a wasansu na ƙarshe ya ci maki sama da ɗari, lokacin an riga an fitar da su. Ya sha zagi ba kaɗan ba. Amma ku tuna mutumin nan a ƙarshen 2022 ya yi haɗarin mota, motar ta kama da wuta, an ɗauka ba zai sake tafiya daidai ba.

Sadiq, tambayarka ta me zai sa su yi gumi. Ƙungiya ba ta faɗuwa amma ɗan wasa yana faɗuwa. Ka yi kaka ɗaya marar kyau, a sake ka, a kira sunanka a gwanjo duk duniya na kallo, babu wanda ya ɗaga katako. An yi wa manyan mutane haka. Sannan masu zaɓen tawagar ƙasa suna kallo, kuma a Indiya mutum biliyan ɗaya da miliyan 400 ne ke neman gurbi 11.

Ustaz_Nura
Ni ba wasan ne matsalata ba, cacar da ke kewaye da shi ce. Ku faɗa wa mutane abin da ya faru a 2013. An kama 'yan wasan Rajasthan uku, ciki har da Sreesanth wanda ya buga wa ƙasa, bisa zargin sun karɓi kuɗi don su ba da maki a wani oba da aka shirya da 'yan caca. Bincike ya kai har kan mutanen da ke kusa da masu ƙungiyoyi, aka dakatar da Chennai da Rajasthan kaka biyu, 2016 da 2017. Shi kansa Lalit Modi da ya tsara gasar, a 2010 aka dakatar da shi, daga baya aka haramta masa harkar har abada, yana Landan. Ruwa ba ya tsami banza. Wasan da kowace jifa za a iya caca a kanta, jifa 240 a wasa ɗaya, ai ƙofa ce a buɗe.

Kuma ina jan hankalin matasanmu. Tuni shagunan caca na ƙwallo suka cinye wasu, kar a ƙara musu wata.

Kb_Fagge
Ustaz ai ƙwallon ma haka take. Juventus fa a 2006? Ba a daina kallon Serie A ba.

Ustaz_Nura
Ban ce a daina kallo ba Kabiru. Na ce a san abin da ake kallo. Ita Juventus ɗin ai gasar 'yan dagaji aka jefa ta. Waɗannan hutun shekara biyu suka yi, Chennai ta dawo a 2018 ta ɗauki kofi kamar ba a yi komai ba.

Abba_Bengaluru
Don adalci, kotu ta sallami su Sreesanth daga tuhumar laifi a 2015, hukuncin hukumar wasan ne ya ci gaba da aiki a kansu. Kuma a 2025 majalisar Indiya ta yi dokar hana wasannin kuɗi na intanet, har Dream11, wani kamfanin irin waɗannan wasannin, ya janye tallarsa daga rigar tawagar ƙasa. Ustaz, akwai wanda ba ka sani ba ma: sunan ƙungiyar garin nan, Royal Challengers, daga sunan wata giya aka samo shi, kamfanin giya ne ya kafa ta. Abokaina Musulmi na nan suna goyon bayanta dai haka nan, wasu kuma suka koma Hyderabad.

Ustaz_Nura
Inna lillahi. Ka ga irinta ko.

Hauwa_Physio
Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Na zauna a Hyderabad lokacin karatu, kuma abin da ya sa na daina raina gasar nan labarin yaran da take fitarwa ne. Mohammed Siraj ɗan garin ne, a lokacin da ya taso mahaifinsa a daidaita sahu yake ja. A 2017 aka saye shi rupi miliyan 26, yau yana cikin manyan masu jifa na Indiya. Rinku Singh ya taso mahaifinsa tukunyar gas yake kai wa gidaje a Aligarh. A 2023 Kolkata na neman maki 28 a jifa biyar na ƙarshe, abin da kowa ya ce ba zai yiwu ba, ya maka shida sau biyar a jere. A unguwar da na zauna, yara da katakon da aka fafe daga allon gini da ƙwallon tanis da aka naɗe da salatif suke wasa a lungu, an jera bulo uku a matsayin sanduna, wanda ya fasa gilashin maƙwabta ya fita kuma shi zai je roƙon ƙwallon. Kowannensu ya san sunan wanda ya fito daga irin lungunsa.

Dokar da ta sa haka ita ce baƙi huɗu kawai ake yarda su shiga fili a kowace ƙungiya. Bakwai dole 'yan ƙasa. Ƙungiya goma, ka ga dole a bazama ƙauyuka neman yara. Haka Mumbai ta tsinto Jasprit Bumrah a 2013 ba wanda ya san shi. A 2025 kuma yaro ɗan shekara 14 daga Bihar, Vaibhav Suryavanshi, ya ci ɗari a jifa 35.

Yaya Sadiq, ka kira ta kasuwa, na yarda. Gasarmu ta gida da ba kasuwa ba, wadda gwamnatocin jihohi ke riƙe da yawancin kulob ɗinta, ɗan wasa nawa ta mayar mai gida?

Kb_Fagge
Hauwa ta kashe bakin kowa 🔥

Sadiq_Gunners
Ba ta kashe ba. Ƙanwata, matsalar tamu rashin riƙon amana ce, ba tsarin faɗuwa da hawa ba. Remo Stars ta ɗan kasuwa ce, daga ƙasa ta taso, ta ɗauki kofi a 2025. A tsarin IPL ƙungiya irin wannan ba ta da hanyar shiga ko da ta fi kowa iyawa, sai dai mai ita ya zo da buhun kuɗi. Nawa aka sayi gurbin Lucknow?

Injiniya_Bello
Rupi biliyan 70 da ɗoriya, a 2021. Sama da dala miliyan 900. Wato gurbi ɗaya ya fi abin da aka sayar da takwas ɗin farko gaba ɗaya.

Sadiq_Gunners
To ka ji.

Musa_Joburg
Ku tambaye mu nan Afirka ta Kudu abin da kuɗin nan yake yi wa sauran ƙasashe. An kafa gasa irinta a nan a 2023, SA20, ƙungiya shida, kuma duka shidan masu ƙungiyoyin IPL ne suka saye: MI Cape Town, Joburg Super Kings, Sunrisers Eastern Cape, har kalar riga iri ɗaya. Filaye na cika, wannan gaskiya ne, iyalai na zuwa da yara. Amma a farkon 2024 da lokacin gasar ya haɗu da tafiyar tawagar ƙasa New Zealand, sai aka riƙe manyan 'yan wasa a gida, aka tura waɗanda yawancinsu ba su taɓa buga wa ƙasa ba, aka cinye su duka wasa biyun. A 2025 Heinrich Klaasen ya ajiye buga wa ƙasa, Nicholas Pooran na West Indies ma haka yana ɗan shekara 29, dukansu suna ci gaba da buga gasannin kuɗi.

Masu kuɗin nan suna da ƙungiyoyi a Daular Larabawa, da Amurka, da yankin Karibiyan, yanzu sun shiga Ingila. Abin haushin, BCCI ba ta barin 'yan wasanta maza su buga gasar wata ƙasa sai sun yi ritaya. Kowa ya kawo nasa kasuwarta, ita ba ta kai nata ko'ina.

Dattijo_Zazzau
Wannan shi ne abin da nake tsoro. Yaro ya taso burinsa ba rigar ƙasarsa ba.

Hauwa_Physio
Baba ai Rashid Khan na Afganistan ta IPL duniya ta san shi, kuma bai bar ƙasarsa ba, har ya kai su wasan kusa da na ƙarshe a kofin duniya na 2024. Ya danganta da yadda hukumar ƙasar ke riƙe mutanenta. Wanda ba a biya shi albashi a kan lokaci ba ne zai fara tafiya.

ZeeZee_KD
Mata fa, suna da tasu?

Hauwa_Physio
Suna da ita tun 2023, WPL, ƙungiya biyar, Mumbai ce ta fara ɗauka. Kuma tunda kin tambaya, 'yan matanmu na Najeriya 'yan ƙasa da shekara 19 sun doke New Zealand a kofin duniya a Malesiya a Janairun 2025. Mutum nawa a zauren nan suka ji labarin?

Kb_Fagge
Wallahi yau na fara ji. Muna da tawagar kurket dama?

Dattijo_Zazzau
Subhanallah. Kabiru, ana buga kurket a ƙasar nan tun ba a haifi kakanka ba. Akwai fili a dandalin Tafawa Balewa a Legas, akwai a Abuja, ana bugawa a Kaduna. Kuma za a sa shi a wasannin Olamfik na 2028 a Los Angeles, irin gajeren nan da nake kuka da shi.

Abba_Bengaluru
Ina so in koma kan maganar Sadiq ta farko, cewa babu abin da ke ciwo idan babu faɗuwa. Ƙungiyar garin nan tun 2008 take nema. Ta yi Chris Gayle wanda ya ci 175 a wasa ɗaya a 2013, ta yi AB de Villiers, ga Virat Kohli da bai taɓa buga wa wata ƙungiya ba tun farkon gasar. Sau uku suna zuwa wasan ƙarshe ana doke su. Duk Indiya tsokanarsu ake, duk shekara su ce bana kofin namu ne, duk shekara a yi musu dariya. Ranar 3 ga Yunin 2025 suka doke Punjab da maki shida a Ahmedabad. Kohli ya durƙusa a fili yana kuka. Mai gadin gidanmu, dattijo mai furfura, ya rungume ni yana hawaye alhali ko gaisuwar kirki ba mu saba yi ba. A daren nan ba a yi barci ba saboda tartsatsin wuta da hon.

Washegari kuma murna ta koma makoki. Jama'a suka yi dafifi a ƙofar filin Chinnaswamy don tarbar kofin, aka yi turmutsutsu, mutum 11 suka rasu, yawancinsu matasa. Allah ya kiyaye, ban fita ba ranar. Masu ƙungiya suna iya ɗaukarta kanti, amma mutanen da suka je wurin nan ba haka suka ɗauke ta ba.

Maman_Ihsan
Allahu akbar. Allah ya ba iyayensu haƙuri.

Sadiq_Gunners
Amin. Abba wannan na ji shi, kuma ban musa cewa magoya baya na so da gaske ba. Amma son nasu bai ba su iko ba. Gobe mai ƙungiya ya ga dama ya sayar, ya canza suna, ya kwashe 'yan wasan da kuka saba da su.

Lawan_Jidda
An yi ma. Delhi Daredevils ta koma Delhi Capitals, Kings XI Punjab ta koma Punjab Kings. Da Mumbai ta sauke Rohit Sharma daga kyaftin ta ɗora Hardik Pandya a 2024, magoya bayanta da kansu suka riƙa yi masa ihu a filinsu na Wankhede, amma ba a fasa ba. To su Glazer da suka riƙe Manchester United shekara da shekaru ana zanga-zanga, wa ya iya da su? Kai ma Sadiq, an tambaye ka kafin Kroenke ya sayi Arsenal? 😂

Sadiq_Gunners
Lawan bar wannan zancen, ka taɓo gyambo. Amma ko Kroenke ya san idan ya yi sakaci akwai ramin da zai faɗa.

Kb_Fagge
Ni dai ku faɗa min ƙarfe nawa ake yi, in gani da idona. Kuma wace ƙungiya zan bi? Ba na son wadda za ta sa min hawan jini, Pillars ta ishe ni.

Musa_Joburg
SuperSport na nunawa. Wasan dare a Indiya bakwai da rabi ake farawa, ƙarfe uku na rana ke nan a Najeriya da Nijar, ka yi la'asar a hutun tsakiya. Ranar da ake wasa biyu, na farkon sha ɗaya na safe. Ka fara da oba biyar na ƙarshe na ɓangaren da ke bin maki, a nan za ka gane lissafin da sauri: maki nawa ya rage, jifa nawa ya rage.

Maman_Ihsan
Kabiru taho Kolkata, muna da wuri.

Hauwa_Physio
Kar ka biye mata, Hyderabad za ka bi. Ita ko sunan kyaftin ɗinsu ba ta sani ba.

Injiniya_Bello
Sadiq, tambaya ɗaya kafin in tafi masallaci. Da a ce gobe wani zai zo ya ce ƙungiya goma kacal a Najeriya, Kano da Kaduna da Jos da Maiduguri da Legas da Aba da sauransu, babu faɗuwa, albashi a kan lokaci, kowane wasa a talbijin, amma Katsina United da Wikki ba sa ciki kuma ba su da hanyar shiga, za ka sa hannu?

Sadiq_Gunners
Tambayi mutanen Bauchi tukuna, ni Kano na cikin goman.